Rufe Iyaka, Buɗe Ƙofa ko Rage Tsadar Noma: Wace Hanyar Dogaro da Kai Za Mu Goya wa Baya?

A Jihar Kebbi, maganar dogaro da kai a tattalin arzikin ƙasa ba ta tsaya a ɗakin taron masana ba, domin tun daga 2015 aka mayar da fadamun Argungu, Augie, Suru, Bunza da Yawuri filin gwada ta, kuma mutanen jihar sun ɗanɗani zaƙinta da ɗacinta a cikin shekaru goma kacal. Shi ya sa idan aka zauna a majalisa bayan la'asar a Birnin Kebbi, ko a rumfar dillalan hatsi a kasuwar Jega, da wuya a tashi ba a yi musu a kanta ba. Manomi zai ce a sake rufe iyaka a hana shinkafar waje shigowa, yana kafa hujja da cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci, waɗanda albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata, za su ce a bar abinci ya shigo daga ko'ina, tunda yaro mai jin yunwa ba ya tambayar inda aka noma abin da ke cikin kwano. Akwai kuma wasu da ba a cika jin muryarsu ba, masu cewa rigimar iyaka ta ɗauke mana hankali daga ainihin ciwon, wato tsadar samar da buhu ɗaya na shanshera, shinkafar da ba a casa ba.

Zaɓin ba na mutanen Abuja kaɗai ba ne. Shugabannin ƙungiyoyin manoma da ke rubuta takardar koke, masu injinan casa da ke tunanin ƙara jari, matan da ke turara shinkafa su kai kasuwa, da mai ƙuri'ar da 'yan takara za su zo wa da alkawari, kowannensu sai ya san buƙatar da zai sa a gaba, saboda gwamnati ba ta sauraron koke goma a lokaci guda, kuma wasu daga cikin buƙatun suna cin karo da juna.

Kafin a auna hanyoyin, ya kamata a raba ma'anoni biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce ƙasa ta samar da duk abin da take ci da sawa da hawa, ta daina saye a hannun kowa. Ta biyu ita ce ƙasa ta mallaki ƙarfin da zai hana wani ya shaƙe ta a kan abin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi, sannan ta yi ciniki da duniya a kan sauran. Kakanninmu na ƙasar Kabi da Zamfara a kan ta biyu suka rayu. Magidanci yana cika rumbunsa da gero da dawa, ana noman shinkafar gargajiya a fadamar Gulbin Kabi ƙarnuka kafin zuwan Turawa, amma goro daga Gwanja fatake ke kawo shi, gishiri da kanwa ayarin raƙuma ke sauke su daga arewa, kuma Jega ta yi suna a ƙarni na 19 ne saboda kasuwa ce da baƙi ke cika. Babu wanda ya ɗauki sayen goro a matsayin gazawa. Abin kunya shi ne rumbu ya ƙare kafin kaka. Ma'ana ta farko kuwa, ƙasar da ta fi kusantar gwada ta a zamaninmu ita ce Koriya ta Arewa, wadda ta yi ta shelar dogaro da kai alhali man fetur ɗinta da kayan sarrafa takinta sun rataya ga Tarayyar Sobiyet, kuma bayan rushewar tarayyar a 1991 sai yunwa mai tsanani ta auka mata a tsakiyar shekarun 1990. Mu ma nan, ruwan da ke juya injinan Kainji daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya iso Yawuri. Saboda haka gardamar da ta cancanci lokacinmu tana kan yadda za a cimma ma'ana ta biyu.

Hanyar rufe ƙofa ita ce muka fi sani, don a kanmu aka yi ta. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kayayyaki 41, har da shinkafa, waɗanda ya daina bai wa masu shigo da su dala a farashin gwamnati. A ranar 17 ga Nuwamba na wannan shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers, wanda ya haɗa ƙaramin manomi da masana'antar da za ta sayi amfaninsa, a kan ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. A Disambar 2016 haɗin gwiwar Legas da Kebbi ya fitar da shinkafar Lake Rice, a 2017 aka buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Daga nan a watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu. An buɗe huɗu daga cikinsu a Disambar 2020, amma ta Kamba sai a Afrilun 2022 aka sake ta.

Wanda ya ce wannan hanya ba ta amfani kowa ba bai yi adalci ba. Noman rani ya faɗaɗa a fadamun da a da ake bar wa dabbobi bayan girbin damina, samarin da suka saba tafiya cin rani kudu suka sami dalilin zama a gida, kuma kuɗi ya shiga ƙauyuka har aka ga sababbin babura da rufin kwano da aure da kujerar hajji. Wani amfanin da ba a cika ambata ba shi ne gyaruwar shinkafar kanta: kafin zuwan manyan injina, uwargida a Legas ko Fatakwal tana gudun 'yar gida saboda tsakuwa, amma cikin 'yan shekaru aka riƙa fitar da ita tsaf a buhu mai tambari. Masu kuɗi ba za su zuba biliyoyi a gina injin casa ba in da ba su ga an kange musu kasuwa ba, kuma waɗannan injina suna nan har yau. Wannan riba ce ta gaske, kuma duk wata hanyar da za a zaɓa nan gaba dole ta yi lissafin kada a bar su su zama kango.

Sai dai kuɗin kangewar daga aljihun mai saye aka biya shi, kuma mai sayen nan ba ɗan birni kaɗai ba ne. Ƙaramin manomi yakan sayar da amfaninsa da kaka don biyan bashi da hidimar gida, sannan ya koma kasuwa da bazara ya auno abinci a farashin da ya tashi, ta yadda tsadar da ya yi wa murna a watan girbi ita ce ke jiran sa bayan wata biyar. Na biyu, iyakar da ta miƙe ta cikin daji da ruwa ba ta rufuwa da sanarwa. Jamhuriyar Benin, wadda yawan mutanenta bai kai na wasu jihohinmu biyu a haɗe ba, ta daɗe tana cikin manyan masu sayen shinkafar Indiya da Tailan, kuma kowa ya san inda yawancin kayan ke ƙarewa. Rufewar ba ta kashe fasa-ƙwauri ba, ta dai ƙara masa kuɗin hanya, ribar ta koma hannun masu baburan dare da masu jiragen ruwa da masu karɓar na goro a shingaye. Wanda ya fi shan wuya shi ne ɗan kasuwar halal: mai albasar Aliero da ke kai kaya ƙetare, mai sayo wake da dabbobi daga Nijar, da mutanen garuruwa irin Dole-Kaina, inda iyaka ta ratsa tsakanin 'yan uwa na jini. A Nuwambar 2019 har hana kai fetur aka yi zuwa gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a yankin da manomin rani ba ya iya ban ruwa sai da fetur. Kuma duk wannan ya fara ne makonni kaɗan bayan Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka a birnin Yamai, a watan Yulin 2019, abin da ya sa maƙwabta suka riƙa shakkar alkawarinmu.

Rancen ma bai dawo yadda aka tsara ba. An raba fiye da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa, kuma a farkon 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka biya, Babban Banki kuma ya musanta ya ce an biya fiye da rabi. Ko da adadin bankin aka ɗauka, gibin babba ne. Wani ɓangare nasa ƙaddara ce, domin ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu yawan gaske a Kebbi gab da girbi, wani ɓangaren kuwa na manoman takarda ne da waɗanda suka ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa.

Amma babban raunin wannan hanya, a ganina, yana wani wuri dabam. Bayan shekara takwas ana kangewa, har da dalar buhunan shinkafa da aka jera a Abuja a Janairun 2022, matsakaicin abin da hekta ɗaya ke bayarwa a Najeriya bai yi nisa da tan 2 ba, alhali a Biyetnam yana kusan tan 6, a Masar kuma yana haura tan 8. Katanga ta hana shinkafar waje shigowa cikin sauƙi, amma ba ta rage ko kwabo daga kuɗin da manomi ke kashewa ba. Da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya har dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, sai asiri ya tonu: injin ban ruwa daga waje yake, maganin ciyawa da na ƙwari yawanci daga waje suke, sinadaran haɗa takin kamfa irin su fosfet na Maroko da fotash daga waje suke, kayan gyaran injin casa ma haka. Ashe shinkafar da muke kira 'yar gida da dala ake noma kaso mai tsoka na cikinta, shi ya sa farashinta ya bi dala sama tare da 'yar waje.

Hanya ta biyu, buɗe ƙofa, ita ce aka karkata gare ta bayan nan. A Oktoban 2023 Babban Banki ya janye takunkumin dala da ke kan kayayyakin, waɗanda a lokacin sun kai 43. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, a watan Yuli gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba na tsawon kwana 150, a watan Agusta kuma aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa da ta fi zafi a arewa. A 2025 farashin hatsi ya sauko, kuma babu mai imani da zai raina wannan sauƙi, domin masu sayen abinci a ƙasar nan sun fi masu sayar da shi yawa nesa ba kusa ba, kuma manufar da ta ƙoshar da manomi ta bar sauran jama'a da yunwa ba za ta daɗe ba ko da an so. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son buɗe ƙofa, kuma masu son rufewa ba su taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Matsalarta ita ce manomi ya shuka da taki da fetur na sabon farashi, ya zo ya sayar a kasuwar da ta faɗi, kuma wanda ya yi asara a rani ɗaya yakan rage gona a rani na gaba. Bayan haka, kasuwar shinkafa ta duniya ba rijiya ce da ba ta ƙafewa ba. Kaso kaɗan na shinkafar da ake nomawa a duniya ke ƙetare iyaka, kuma Indiya kaɗai tana riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na wannan cinikin. A 2008, da Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitarwa, farashi ya kusan ninka sau uku cikin 'yan watanni. A Yulin 2023 Indiya ta sake hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, ba ta sake ta ba sai bayan fiye da shekara guda. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya yi wa alkama da taki irin wannan. Mai sayarwa yana fara ciyar da gidansa ne kafin ya tuna da mai saye, kuma dalar da za mu saya da ita mafi yawanta daga ɗanyen mai take fitowa, wanda farashinsa ba a hannunmu yake ba. Ƙari a kan haka, arhar shinkafar Indiya ba ta ƙwazon manominta kaɗai ba ce, gwamnatinsa tana tallafa masa da taki da wutar ban ruwa, tana kuma sayen amfaninsa a farashin da ta ƙayyade. Wanda ya ce manomin Suru ya yi gasa da wannan ba tare da kowace kariya ba, ya tura shi kokawa ne da baitulmalin wata ƙasa. Akan kawo misalin Singafo, wadda ke sayo sama da kashi 90 cikin 100 na abincinta kuma ba ta yunwa, amma birni ne mai mutane kusan miliyan 6 da kuɗin shiga mai yawa, mu kuwa mun haura miliyan 200, kuma a Kebbi da Zamfara noma shi ne aikin yi. Idan ya mutu babu masana'antar da za ta kwashi samarin, kuma mun riga mun ga inda zaman banza a karkara ke kai wasu.

Abin takaici shi ne ƙasar ta shafe kusan shekara hamsin tana lilo tsakanin waɗannan hanyoyi biyu: shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, juyin noma na Shagari a 1980 wanda ya tafi tare da shigo da shinkafa mai yawa, haramci a 1985, ɗage shi a 1995, harajin kashi 110 cikin 100 a 2013, rufe iyaka a 2019, yafe haraji a 2024. Lilon kansa ya fi kowace daga cikinsu ɓarna, domin ba mai gina madatsa ko masana'anta a kan dokar da za ta iya juyawa kafin a gama gini.

Hanya ta uku ta fara ne daga lissafin gona. A ɗauka manoma biyu suna maƙwabtaka, kowanne da hekta ɗaya, ɗaya ya girbe tan 2, ɗayan tan 5, abin da ba baƙo ba ne a noman rani idan an sami ingantaccen iri irin Faro 44 da ruwa da taki a kan lokaci. Kuɗin haya ko gyaran ƙasa, dashe, ban ruwa da korar tsuntsu kusan ɗaya ne a wurinsu, don haka na biyun zai iya sayar da buhu a farashin da zai karya na farkon, kuma ya koma gida da riba. Ƙasar da yawancin manomanta suke kamar na biyun ba ta buƙatar soja a kan iyaka, saboda ɗan fasa-ƙwauri ba ya wahalar da kansa a kan kayan da ba riba. Tambayar ita ce me ke hana na farko zama na biyu, kuma amsar ta fi yawa a ruwa. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978 don ban ruwan kimanin hekta 23,000, ta fara da zubar da jinin manoman da suka yi bore a kan diyyar gonakinsu a 1980, ta kuma shafe shekaru masu yawa kayanta na lalacewa kafin a shiga gyara da rancen Bankin Duniya. Aikin fadamar Zauro da ke gefen Birnin Kebbi an fi shekara arba'in ana maganarsa. A maimakonsu, manomin Kebbi ya dogara ga 'yar rijiyar da ya haƙa a gona da injin fetur, wanda tun 2023 ya zama abin da ya fi cin kuɗin noman rani. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana yana da tsadar saye, amma bayan an saya ba ya neman ko lita ɗaya, kuma rancen da aka ɗaure da irin wannan kadara ya fi rancen tsabar kuɗi sauƙin bibiya.

Sai taki da tsaro. Najeriya tana sarrafa yuriya daga iskar gas ɗinta a Eleme da kuma Lekki, inda aka buɗe masana'antar Dangote a 2022, har tana fitarwa waje, amma farashinsa a Jega yana bin na duniya. Wannan ya nuna samar da abu a cikin gida bai isa ya sa ya yi arha ba, sai an tsara yadda zai iso ga manomi kafin shuka. Tsaro kuwa, mutumin Maru, Anka, Tsafe ko Zurmi, da na Danko-Wasagu a kudancin Kebbi, ba ya buƙatar a yi masa bayani: inda 'yan bindiga ke karɓar kuɗi kafin a shuka, su sake karɓa kafin a girbe, ko su tashi ƙauye gaba ɗaya, babu harajin kwastam da zai ƙara ko dami ɗaya. A Zamfara, duk wata maganar dogaro da kai da ba ta fara da mayar da manomi gonarsa ba, magana ce kawai.

Ita ma wannan hanya tana da aibinta, kuma bai kamata masu sonta su ɓoye shi ba. Tana da jinkiri, tana cin kuɗin gwamnati a lokacin da biyan bashi ke lashe kaso mai yawa na kuɗin shiga, kwangilolinta suna daga cikin waɗanda aka fi ci, kuma ɗan siyasa ba ya samun hoton da zai nuna daga yashe magudanar ruwa kamar yadda yake samu daga tarin buhuna. Manomin da ke da bashi a wuya ba zai iya jiran shekara biyar ba. Saboda haka ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai, tana buƙatar wata kariya kafin ta nuna.

Akwai kuma kuskuren auna dukkan kayayyaki da mudu ɗaya. Shinkafa muna da ƙasa da ruwa da rana da gwanintarta, don haka neman wadatuwa da ita ba mafarki ba ne. Alkama dabam ce: tana son sanyi, ba ta yi mana sai a ɗan tsakanin hunturu, abin da muke nomawa bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da muke ci ba, kuma haramcin da aka sa mata a 1987 an janye shi cikin 'yan shekaru ba tare da ya cika alkawarinsa ba. Saudiyya ta gwada da ƙarfin kuɗi, ta wadatu da alkama a shekarun 1980 har ta fitar, sannan a 2008 ta yanke shawarar janyewa a hankali saboda ruwan ƙarƙashin ƙasarta na ƙarewa. A nan hikima ita ce a noma abin da ya samu a Kano, Jigawa da fadamunmu, a kuma ƙarfafa cin gero, dawa, masara da rogo, maimakon a zuba dukiya a yaƙi da yanayi. Siminti ya ba da darasi na dabam: manufar 2002 ta ba da izinin shigo da shi ga waɗanda suka yi alkawarin gina masana'anta kaɗai, kuma ta yi aiki har ƙasar ta koma mai fitarwa, ga Kalambaina a Sakkwato shaida, amma kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwar, kuma mai gini bai ga arhar da aka yi masa alkawari ba. Masaku kuwa an sha haramta shigo da atamfa domin su, duk da haka masaƙar Gusau da na Kaduna suka rufe, saboda haramci ba ya ba da wutar lantarki, kuma manomin audugar Zamfara ya rasa mai saye.

Ƙasar da ta fi cin moriyar kariya a ƙarnin da ya wuce ita ce Koriya ta Kudu, kuma abin da ya bambanta ta shi ne sharaɗi. A zamanin Park Chung-hee gwamnati tana ba kamfani rance mai sauƙi da kangiyar kasuwa, amma tana auna shi da yawan abin da ya iya sayarwa a ƙasashen waje, inda babu mai kare shi, wanda ya gaza kuma a janye masa tallafi. Mu mun ba da kariya ba tare da ma'auni ba kuma ba tare da wa'adi ba, shi ya sa wanda aka kare bai ga dalilin gaggawa ba.

Idan aka ɗora ukun a sikeli, ni dai ba zan ba ƙungiyar manoma shawarar ta sa sake rufe iyaka a saman takardar kokenta ba, domin abu ne da ake samu da sanarwa ɗaya a kuma rasa da sanarwa ɗaya, yana haɗa manomi faɗa da mai saye, kuma kaso mai yawa na ribarsa ba ya isa gona. Ba zan kuma goyi bayan ƙofar da aka bari a buɗe ba tare da haraji ba, sai a shekarar yunwa ta gaske, da adadi sananne da ranar rufewa. Abin da ya fi dacewa a nema shi ne haraji matsakaici a kan shinkafar waje, wanda bai yi tsananin da zai sa fasa-ƙwauri ya zama sana'a mai tsoka ba, a rubuta shi a doka na shekaru sanannu, yana raguwa a hankali, a kuma ɗaure kuɗin da ake tarawa daga gare shi ga ban ruwa, iri da hanyoyin karkara, yadda kowa zai iya bin sawunsa. Cinikin halal da Nijar da Benin a bar shi ya gudana, tunda albasarmu da hatsinmu suna buƙatar kasuwarsu kamar yadda muke buƙatar wakensu da dabbobinsu.

Ga mai injin casa, wannan yana nufin jarin da ya fi aminci shi ne wanda ya zuba a manoman da ke kawo masa shanshera, da iri da ruwa da tabbacin saye, domin injin da ba ya samun kaya sai wata huɗu a shekara ba ya fita da riba ko an rufe iyaka ko an buɗe. Ga mai ƙuri'a kuwa, idan ɗan takara ya zo da kalmar dogaro da kai, ya dace a tambaye shi hekta nawa zai kai wa ruwa kuma a wace fadama, da wane kuɗi, kuma wa zai biya tsadar kafin amfanin ya iso.

Akwai buƙata ɗaya da ba ta cin ko sisin gwamnati, wadda ya kamata manoman Kebbi da Zamfara su dage a kanta ko wace hanya aka bi: duk wani sauyi a dokar shigo da hatsi a sanar da shi kafin a fara renon irin rani, kuma kada a bari jiragen shinkafar waje su sauke kaya a watannin da ake girbi a fadama, domin manomi ya san farashin da zai fuskanta tun bai ciwo bashin taki ba.